Svante Arrhenius

Svante August Arrhenius (19 ga Fabrairu, 1859 – 2 ga Oktoba, 1927) masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Suwidin. Ya fara karatunsa a fannin fiziks, amma a kimiyyar sinadarai aka fi saninsa. Shi ne ya nuna cewa gishiri da asid da bes, da zarar sun narke a ruwa, suna rabewa zuwa ƙananan ɓangarori masu ɗauke da cajin lantarki da ake kira ayon, ko da ba a jona wa ruwan wuta ba. Daga wannan bayani ne aka samu ma'anar asid da bes ta farko da ake iya aunawa da lissafi, wadda har yau da ita ɗalibai ke fara karatun wannan fanni. Kundin digirin da ya fara kawo ra'ayin a 1884 da ƙyar ya tsallake a Jami'ar Uppsala. Shekara 19 bayan haka, a 1903, aikin ya jawo masa lambar yabo ta Nobel, kuma shi ne ɗan Suwidin na farko da ya same ta. Ana kuma tunawa da shi saboda lissafin da ya yi a 1896 kan yadda ƙaruwar iskar kabon dayoksaid za ta ɗumama duniya.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Arrhenius a Vik, wani wuri kusa da birnin Uppsala. Mahaifinsa, Svante Gustaf Arrhenius, ma'aikacin auna filaye ne da ke kula da gonaki da kadarorin Jami'ar Uppsala. Sunan mahaifiyarsa Carolina Thunberg. Iyalin sun koma cikin Uppsala yana jariri. Ya koya wa kansa karatu yana ɗan shekara uku, lissafi kuma ya tsince shi ne wajen kallon mahaifinsa yana tara lambobi a littattafan asusu. Yana da shekara takwas ya shiga makarantar babbar majami'ar garin, ya gama a 1876, a shekarar kuma ya shiga jami'a.

Zamansa a jami'ar bai yi masa daɗi sosai ba. Bai gamsu da yadda ake koyar da fiziks a can ba, kuma babu jituwa mai ƙarfi tsakaninsa da malamin sinadarai, Per Teodor Cleve, wanda ya yi suna wajen gano sababbin sinadarai amma ba ya ɗokin dogayen hasashe. A 1881 Arrhenius ya tafi Stockholm, ya shiga ɗakin gwajin Erik Edlund a Cibiyar Kimiyya ta Suwidin. A nan ya fara auna yadda wutar lantarki ke ratsa ruwan da aka narka gishiri ko asid a ciki.

Tambayar da ya tarar

An daɗe da sanin cewa tsantsar ruwa ba ya ɗaukar wutar lantarki sai ɗan kaɗan, busasshen gishiri ma ba ya ɗauka, amma idan aka haɗa su wuta tana wucewa. Sukari kuwa ko an narka shi babu abin da yake canzawa. A 1834 Michael Faraday na Ingila ya raɗa wa ɓangarorin da ke ɗaukar wutar suna ayon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin tafiya, domin suna tafiya zuwa sandunan da aka jona wa batir. Sai dai fahimtar da ta fi yaɗuwa ita ce wutar ce ke fasa gishirin ta haifar da ayon ɗin. A 1857 Rudolf Clausius na Jamus ya nuna cewa dole akwai wasu 'yan ɓangarori da suka riga suka rabu tun kafin a jona wuta, amma ya ɗauka adadinsu ƙanƙani ne ƙwarai.

Arrhenius ya yi aiki da ruwan da aka tsinka sosai, wato gishiri kaɗan a ruwa mai yawa. Abin da ya gani shi ne, duk lokacin da aka ƙara ruwa, kowane ma'auni guda na gishirin yana ƙara iya ɗaukar wuta, har ya kai wata iyaka da ba ya wuce ta. Ya fassara wannan da cewa abin da aka narka ya kasu biyu: akwai kaso mai aiki, wanda ke ɗaukar wuta, da kaso marar aiki, kuma ƙarin ruwa yana mayar da marar aikin ya zama mai aiki. Ya ƙara da wata magana da ta fi wannan nauyi, cewa kason da ke ɗaukar wutar shi ne kuma ke shiga hulɗar sinadarai. Ma'ana, asid mai ƙarfi da asid mai ɗaukar wuta sosai abu ɗaya ne.

Kundin 1884

Ya rubuta kundin da Faransanci, shafi kusan 150, mai taken Recherches sur la conductibilité galvanique des électrolytes, ya jera matsaya 56 a ciki. Ya kare shi a Uppsala a watan Mayun 1884. Malaman sun ba kundin daraja ta huɗu, kariyar da ya yi da baki kuma ta uku. Ya ci jarrabawa, amma da irin wannan sakamako ba a ɗaukar mutum aikin koyarwa a jami'ar, don haka kusan an rufe masa ƙofa ke nan.

Akan ba da wannan labari kamar malaman ba su da wata hujja, alhali suna da ita. Aikin ya faɗa tsakanin fiziks da sinadarai, kowane ɓangare yana ganin na ɗayan ne. Ma'aunansa ba su kai tsaftar da masu fiziks ke so ba. Shi kansa bai fito fili a kundin ya ce gishiri yana rabewa zuwa ayon ba. Ya tsaya ne a kan kalmomin mai aiki da marar aiki. Kuskurensu shi ne rashin ganin girman abin da ke bayan waɗannan kalmomi.

Arrhenius ya aika kundin ga manyan masana a ƙasashen waje, cikinsu har da Clausius, da Jacobus van 't Hoff na Amsterdam, da Wilhelm Ostwald da ke koyarwa a Riga, babban birnin Latbiya a yau, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha. Ostwald ya daɗe yana auna ƙarfin asid iri-iri ta hanyar saurin hulɗarsu da wasu sinadarai. Da ya gwada yadda suke ɗaukar wuta, sai ya ga jerin ƙarfin bai canza ba, kamar yadda kundin ya faɗa. A watan Agustan 1884 ya taso takanas ya zo Uppsala, ya yi wa saurayin tayin aiki a Riga. Zuwan farfesa daga wata ƙasa domin ɗalibin da aka ba daraja ta huɗu ya sa jami'ar ta sake tunani, kafin ƙarshen shekarar ta naɗa shi malami. Bai bi Ostwald nan take ba saboda mahaifinsa ba shi da lafiya. Ya rasu a 1885.

Shekarun tafiye-tafiye da maƙalar 1887

Da taimakon Edlund ya samu kuɗin tallafin tafiya daga Cibiyar Kimiyya. Daga 1886 ya yi aiki da Ostwald a Riga, da Friedrich Kohlrausch a Würzburg, da Ludwig Boltzmann a Graz ta ƙasar Ostiriya, da van 't Hoff a Amsterdam, sannan ya sake komawa wajen Ostwald bayan shi ya koma Leipzig. A Würzburg ya haɗu da wani ɗalibi mai suna Walther Nernst, suka yi abota.

Abin da ya cike masa giɓi ya zo ne daga wani ɓangare da ba ruwansa da lantarki. Abin da aka narka a ruwa yana sa ruwan ya yi wuyar daskarewa, kuma François-Marie Raoult na Faransa ya nuna cewa wannan ya dogara ne ga yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwan, ba ga irinsu ba. Van 't Hoff ya gina lissafi a kan haka, lissafin ya yi daidai a kan sukari da ire-irensa, amma ya ƙi daidaita a kan gishiri da asid da bes. Gishirin girki yana yin kusan ninki biyu na abin da ake tsammani, wasu gishirin kusan ninki uku. Van 't Hoff ya saka wata lamba da ya kira i domin gyara lissafin, ba tare da bayanin inda ta fito ba.

Arrhenius ya ga amsar. Idan kowace ƙwayar gishirin girki, NaCl, ta rabu biyu, Na⁺ da Cl⁻, to ƙwayoyin da ke cikin ruwan sun ninka. Idan kuma gishirin mai rabewa uku ne, kamar BaCl₂, sai su kusa ninkawa uku. Ya lissafa kason da ya rabu ta hanyoyi biyu, ɗaya daga ɗaukar wuta, ɗaya daga daskarewa, a kan sinadarai masu yawa, sakamakon ya zo kusa da juna a mafi yawansu. Ya buga wannan a 1887 a kundin farko na mujallar Zeitschrift für physikalische Chemie, wadda Ostwald da van 't Hoff suka kafa a shekarar. A wannan maƙala ce ya faɗi maganar ƙarara: a ruwan gishirin da aka tsinka, mafi yawan gishirin a rabe yake.

Asid da bes

Kafin wannan lokaci ana gane asid ne da halayensa: tsami a baki, cin ƙarfe, da juya launin takardar litmos zuwa ja. Bes kuma abu ne mai santsi a hannu kamar sabulu, mai kashe tsamin asid, irin aikin da kanwa ke yi idan aka jefa ta a miya mai tsami. Bes ɗin da ke narkewa a ruwa ana kiransa alkali, daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Ba ta da dangantaka da alƙalin kotu, wanda asalinsa wata kalmar Larabcin ce daban.

A bayanin Arrhenius, asid shi ne abin da ke sakin ayon ɗin haidirojin, H⁺, idan ya narke a ruwa, bes kuma shi ne mai sakin ayon ɗin haidiroksaid, OH⁻. Halayen da dukan asid suka yi tarayya a kai ba na asid ɗin ba ne, na H⁺ ne. Ƙarfi da rauni kuma sun zama abin ƙirgawa. Asid ɗin haidirokulorik, HCl, kusan dukansa yana rabewa, shi ya sa yake da ƙarfi. Asid ɗin asetik, wanda ke ba ruwan khal tsaminsa, idan aka narka mol 0.1 a lita guda, abin da ke rabewa bai fi kashi 1.3 cikin 100 ba. Idan aka tsinka shi sau ɗari, kason ya haura 12 cikin 100.

Bayanin ya warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Duk asid mai ƙarfi da aka haɗa da bes mai ƙarfi, zafin da ke fitowa kusan ɗaya ne, wajen kilojul 57 a kowane mol na ruwan da ya samu. In da kowane haɗi hulɗa ce ta daban, ai da zafin ya bambanta. Amma idan dukansu a rabe suke tun farko, to abu ɗaya ne kawai ke faruwa a kowane haɗi: H⁺ da OH⁻ suna haɗuwa su zama ruwa, sauran ayon ɗin suna nan suna yawo yadda suke.

Muhimmin sashen ra'ayin shi ne cewa rabuwar ba ta tsaya cik ba. A ruwan asid mai rauni, ƙwayoyi suna rabewa, ayon kuma suna sake haɗewa, duka a lokaci guda. Idan saurin biyun ya zo ɗaya sai adadin kowane ɓangare ya daina canzawa. Wannan shi ake kira daidaiton ayon. A 1888 Ostwald ya ɗora masa dokar daidaito da Cato Guldberg da Peter Waage na Norwe suka fitar a 1864, ya samu cewa kowane asid mai rauni yana da lamba tasa da ba ta canzawa komai yawan ruwan da aka ƙara, muddin zafi bai canza ba. Daga nan ake gane dalilin da ya sa zuba gishirin asetet a ruwan asid ɗin asetik ke rage masa ƙarfi: ayon ɗin asetet sun yi yawa, sai su kama H⁺ su mayar da shi cikin ƙwayar asid. Irin wannan haɗi ne ke hana tsamin ruwa sauyawa da sauri, kuma da makamancinsa jinin ɗan Adam ke riƙe daidaitonsa.

Shi kansa ruwa yana rabewa, amma kaɗan ainun. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, ƙwayoyi kusan biyu ne cikin biliyan ɗaya suke a rabe, wato mol 10⁻⁷ na H⁺ a lita. Ma'aunin pH da Søren Sørensen ya ƙirƙiro a ɗakin gwajin Carlsberg da ke Kopenhagen a 1909 hanya ce ta rubuta wannan adadi a taƙaice, shi ya sa tsantsar ruwa ke da pH 7.

Adawa

Masana sinadarai da yawa sun ƙi yarda. Hujjarsu mai sauƙi ce: sodiyam ƙarfe ne da ke tafasa har ya kama wuta idan ya taɓa ruwa, kulorin kuma iska ce mai guba, ta yaya za a ce suna yawo a sake cikin ruwan gishirin da mutane ke sha a miya? Sun kuma tambayi inda ƙarfin da ke raba su yake fitowa. A Birtaniya Henry Armstrong ya yi shekaru yana yaƙar ra'ayin, a Rasha kuma Dmitri Mendeleev ya tsaya a kan cewa narkewa haɗuwa ce tsakanin ruwa da abin da aka narka. Amsar Arrhenius ita ce ayon mai caji daban yake da ƙwayar zarra marar caji. Maganar gaskiya ce, amma ba ta samu gindin zama sosai ba sai bayan J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. A tambaya ta biyu kuwa masu adawar suna da rabon gaskiya, domin daga baya an tabbatar cewa ƙwayoyin ruwa ne ke kewaye ayon suna riƙe shi, kuma daga nan ƙarfin rabuwar ke fitowa. Arrhenius bai ba wannan ɓangare muhimmancin da ya kamata ba.

Sauran ayyuka

A 1889, yana nazarin yadda asid ke fasa sukarin rake, ya bayyana dalilin da ya sa ɗan ƙarin zafi ke hanzarta hulɗar sinadarai sosai: sai ƙwayoyi sun samu wani adadin ƙarfi kafin su iya shiga hulɗa. Lissafin da ke nuna haka yana ɗauke da sunansa har yau.

A 1891 ya ƙi tayin kujerar farfesa a Giessen ta Jamus, ya karɓi aikin koyarwa a kwalejin Stockholm, wadda ta zama Jami'ar Stockholm daga baya. Ya zama farfesan fiziks a 1895 duk da adawar wasu, sannan ya shugabanci kwalejin na wasu shekaru.

A 1896 ya buga maƙala a mujallar Philosophical Magazine kan tasirin kabon dayoksaid a zafin doron ƙasa. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne musabbabin zamunan ƙanƙara na dā. Da hannu ya yi lissafin, ya samu cewa ninka iskar sau biyu zai ƙara zafi da digiri 5 zuwa 6. Ya san ƙona gawayin kwal yana ƙara ta, amma ya ɗauka abin zai ɗauki ɗaruruwan shekaru masu yawa, har yana ganin ɗumamar za ta amfani ƙasashe masu sanyi. Knut Ångström ya soki lissafin a 1900, aka yi watsi da batun na shekaru da dama.

Daga farkon ƙarni na 20 ya shiga nazarin guba da makarinta a jiki, inda ya yi saɓani da Paul Ehrlich. Laccocin da ya yi a Jami'ar Kalifoniya a 1904 sun fito a littafi a 1907. Ya kuma rubuta littattafai domin jama'a kan taurari da asalin duniya, inda ya goyi bayan ra'ayin cewa ƙwayoyin halitta na iya tafiya daga wata duniya zuwa wata.

Nobel da ikon da ya riƙe

An zaɓe shi mamba a Cibiyar Kimiyya ta Suwidin a 1901, nan ma sai da aka ja. Ya samu lambar Davy a 1902, ta Nobel a sinadarai a 1903, bayan van 't Hoff da Emil Fischer. Cleve, tsohon malaminsa na Uppsala, shi ne shugaban kwamitin sinadarai na Nobel a lokacin. A 1905 aka yi masa tayin aiki a Berlin. Domin kada ya tafi, aka kafa Cibiyar Nobel ta nazarin fiziks da sinadarai a Stockholm, ya shugabance ta har 1927.

Ya zauna a kwamitin fiziks na Nobel tun daga farko har ƙarshen rayuwarsa, kuma maganarsa tana da nauyi a na sinadarai. Masana tarihi da suka bincika takardun kwamitocin sun nuna cewa ya yi amfani da wannan matsayi wajen taimakon abokansa da tare wa abokan hamayyarsa hanya. A 1906 kwamiti ya ba da sunan Mendeleev, Arrhenius ya yi jayayya, lambar ta tafi ga Henri Moissan; Mendeleev ya rasu a 1907 bai same ta ba. Nernst, wanda abotarsu ta riga ta lalace, ya yi shekaru ana kawo sunansa ana ajiyewa, sai a 1921 aka ba shi lambar shekarar 1920. Arrhenius ya kuma kasance cikin shugabannin wata ƙungiyar Suwidin da aka kafa a 1909 mai da'awar tace jinsin ɗan Adam, aƙidar da kimiyya ta yi watsi da ita daga baya.

Iyakar bayaninsa

Dokar Ostwald ta yi aiki a kan asid da bes masu rauni, amma ta ƙi aiki a kan masu ƙarfi da kan gishiri irin NaCl, wato ainihin abubuwan da aka fara gina ra'ayin a kansu. A 1909 Niels Bjerrum na Denmak ya kawo shawarar cewa waɗannan a rabe suke gaba ɗaya, kuma abin da ake gani kamar rashin cikar rabuwa jan juna ne tsakanin ayon masu caji mabambanta. Arrhenius bai karɓi wannan ba. A 1923 Peter Debye da Erich Hückel suka fitar da lissafin da ya tabbatar da shi.

A shekarar 1923 ɗin ce kuma aka faɗaɗa ma'anar asid da bes. Ma'anar Arrhenius ta tsaya a ruwa kawai, kuma ba ta bayyana amoniya, NH₃, kai tsaye ba, wadda bes ce alhali babu OH a jikinta. Johannes Brønsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila, kowa da aikinsa, suka ce asid shi ne mai ba da H⁺, bes kuma mai karɓarsa. Gilbert Lewis a Amurka ya ɗora tasa ma'anar a kan bayarwa da karɓar ilektiron guda biyu. An kuma gane cewa H⁺ ba ya zama shi kaɗai a ruwa, yana manne ne da ƙwayar ruwa a matsayin H₃O⁺. Duk da haka, a kan asid mai rauni cikin ruwan da aka tsinka, lissafin Arrhenius da Ostwald ne ake amfani da shi har yanzu.

Iyali da rasuwa

Ya yi aure sau biyu. A 1894 ya auri Sofia Rudbeck, tsohuwar ɗalibarsa, suka rabu a 1896. Ɗansu Olof ya zama masanin kimiyya, ya yi aiki a kan tsamin ƙasar noma. A 1905 ya auri Maria Johansson, suka haifi 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya. A watan Satumban 1927 ciwon hanji ya kama shi, ya rasu a Stockholm ranar 2 ga Oktoba yana da shekara 68. An binne shi a Uppsala. Akwai ramuka a duniyar wata da ta Mars da aka sa wa sunansa, haka ma ginin ɗakunan gwajin sinadarai na Jami'ar Stockholm.